Zoɓon Ɗan Iyaka

Jiya da la'asar ina wanke tukwane na ji 'yan matan layinmu suna hira a zaure. Wata a cikinsu tana cewa in dai jari ya gagare ta to zoɓo za ta fara, don shi ba ya son komai, ruwa ne da ganye da sukari. Sauran suka ce ai haka ne. To ku matso ku ji, ku da kuke ganina, ni Inna Rabi, zaune a bakin tasha a Gusau ina miƙa kofi, kuna zaton hutawa nake yi. Tukuna ma, zoɓo ba ganye ba ne. Ganyen shi ne yakuwar da kuke miya da ita, wadda mutanen ƙauye suke kira sure. Abin da muke jiƙawa shi ne jan ɓawon nan da yake rungume da ƙwallon iri bayan fure ya faɗi. Irin kuma sunansa gurguzu. Ku riƙe wannan sunan, don a kansa labarina zai ƙare.

Aikin da na fara yi a sana'ar nan ɓara ne. A Bungudu na tashi, a hannun Gwaggo Tumba, ƙanwar babana, wadda duk mai shan zoɓo a garin ya san randarta. Da kaka in an yanko sure, sai ta zube mini tsibi a kan tabarma, in zauna in riƙa zare ɓawon daga ƙwallon da farce. Abin yana da wani ƙaiƙayi mai laushi da ba a gani, yana shiga tsakanin yatsu ya kwana yana cizo. Hannuna ya rine har ƙawayena suna tsokanata wai lalle ya ƙi kama ni. In na gama ɓara sai shanya, in na gama shanya sai tsince tsakuwa da kara. Na daɗe ƙwarai a kan wannan kafin Gwaggo ta bar ni in taɓa ludayi. In na yi ƙorafi sai ta ce, "Ke ɗiya, wadda ba ta san shi ɗanye ba, ina za ta gane shi busasshe?"

Ranar da ta fara tafiya da ni kasuwar Tsafe na ga inda sana'ar take. Mun isa layin masu zoɓo, buhuna a jere baki buɗe, kowanne ja wur, ni a idona duk ɗaya ne. Gwaggo ba ta kalli na sama ba. Ta naɗe hannun riga ta zura hannu har gwiwar hannu ta ɓace, ta ɗebo daga can ƙasa. Ta ɗauki guda ta kai kusa da kunne ta karya. Wanda ya bushe da gaske yana cewa ƙas, wanda aka yayyafa wa ruwa don ya yi nauyi lanƙwasawa yake yi shiru. Ta shaƙa. Sannan ta ɗora ɗan guntu a gefen harshe, ba a tsakiya ba, ta rufe baki ba ta tauna, ta tsaya kamar mai sauraron kira daga nesa. Can ta tofar a tafin hannu ta duba launin. Ta miƙo mini wani guntun.

"Mi kinka ji?"

"Tsami, Gwaggo."

"Tsami ko kunun jiya na da shi. Wane iri?"

Ta ce tsamin da ya bugi harshe ya gudu, na bara ne aka cakuɗa da na bana. Wanda ya bar ɗaci a maƙogwaro, a ƙasa aka shanya shi ba tabarma. Wanda ya zo a hankali ya zauna a gefen baki har yawu ya taru, shi ake nema. Mai buhun ya yi ta rantsuwa na bana ne, Gwaggo ta kakkaɓe hannu ta ce Allah ya kawo kasuwa, muka wuce. Ba ta taɓa ƙaryata mai kaya a gabansa ba, ba ta kuma taɓa sayen abin da harshenta ya ƙi ba.

Abin da ku ba ku sani ba shi ne zoɓo mai kyau ba iri ɗaya ba ne, haɗi ne. Akwai baƙin, mai faɗin ɓawo, shi ke ba da launin nan mai duhu da ido ke so, amma in aka jiƙa shi kaɗai salam yake, ba shi da baki. Akwai kuma wani ɗan ƙarami, ja mai haske, ƙanƙararre, wanda in kika gan shi a faifai za ki ce shara ce. Shi ne mai tsami da ƙamshi. Mu muna ce masa ɗan iyaka, saboda ba a yi masa gona. A bakin gona ake jera shi, ya raba ta wannan da ta wancan. Hatsin ciki na maigida ne, amma layin iyaka na matar gida ne, ita ke shuka shi, ita ke girbe shi, kuɗinsa nata. Irinsa kuma ba a kai shi kasuwa. Uwa ke ɗebar wa 'yarta a ɗan ƙulli in za ta gidan miji, ita ma ta ajiye a ƙwarya ta jira damina. Haka yake tafiya daga hannun mace zuwa hannun mace. Baƙin ya fi yawa a tukunya, ɗan iyaka kaɗan ake sawa, amma in babu shi to jan ruwa kawai kika dafa.

Namu ɗan iyakan daga hannun mace ɗaya yake zuwa, Inna Kulu, daga wani ɗan ƙauye bayan Kucheri. Lokacin da na fara ganinta ba ta tsufa ba, doguwa ce mai ƙarfin murya, tana zuwa Tsafe da kayanta a ka. Ba ta shimfiɗa a layi. Tana zama gindin wata bishiya ta jira Gwaggo, in wani ya taya ta ce an riga shi. Nata ya fita daban ko a cikin 'yan iyaka, yana da wani ƙamshi kamar na ƙasa in ruwan farko ya sauka. Ta ce daga kakarta ta gaje shi. Bayan Gwaggo ta rasu na dawo Gusau da aure da sana'ata, Inna Kulu ta ci gaba da jirana a gindin bishiyar nan kowace kaka. Ba mu taɓa yin wata yarjejeniya ba. In na zo sai ta ce, "Ɗiyar Tumba, kin zaka? Ga kayanki nan."

Tukunyar da ba zan manta ba ita ce ta azumin farko da Gwaggo ta sakar mini aiki. Ku lura, watan da aka fi shan zoɓo shi ne watan da mai yinsa ba ta da ikon ɗanɗanawa. Da hantsi ake ɗorawa, da yamma ake sayarwa, bakinki kuwa a rufe. Na tsaya a kan tukunya da ludayi ina kallonta, ita tana zaune a inuwa tana jan carbi kamar ba ta san da ni ba. Na ce Gwaggo yaya zan san ya yi. Ta ce in ɗaga ludayi sama in zubo shi a hankali in kalli rana ta cikinsa. In ya yi baƙi ƙirin, ɗan iyaka ya yi kaɗan. In haske ya ratsa shi ya fito ja kamar garwashi, ya daidaita. Citta kuma hanci ke auna ta, in tururi ya sa ki tari to kin zarce. Kanumfari ƙwaya kaɗan, masoro kaɗan, ɓawon abarba in an samu, mazarƙwaila a ƙarshe bayan an tace an sauke. Na yi yadda ta ce ina addu'a. Da aka kira magariba ta karɓi kofin farko ta kurɓa, sannan ta ce, "Gobe ki rage citta." Yabon da na samu a wurinta ke nan duk zamanmu, kuma ya ishe ni.

Kayan aikina ba su da yawa. Tukunya babba wadda ba a dafa komai a cikinta sai zoɓo, don ko ƙanshin mai ya taɓa ta an gama. Farin ƙyalle na tata, wanda ya daɗe da daina zama fari. Turmin daka citta. Randa, wadda nake turarawa kafin in zuba. Daga baya kula ta zo, da ƙanƙara, da gorunan roba da ake wankewa a cika. Na karɓe su don zamani, amma har yau na randa daban ne. Ƙanƙara tana kashe harshe, shi ya sa masu zuba kala da fulebo suke son ta, in abu ya yi sanyi ƙarara ba mai jin ƙaryar da ke ciki.

Masu shan zoɓona ba manyan mutane ba ne. 'Yan dako ne, da kwandastoci, da masu kabu-kabu, da matan ƙauye da suka sauka daga mota maƙogwaro a bushe. Abin sha ne na kullum, na wanda canjinsa kaɗan ne, kuma wannan shi ne wahalar sana'ar: ki yi abu mai kyau a kuɗin da talaka zai iya. A cikinsu akwai Malam Garba, direban hanyar Funtuwa, gajere mai furfura a gemu, ba ya tayar da mota sai ya sha kofi a wurina. Shi ba ya shanyewa a tsaye kamar yara. Yana tsugunawa, ya kurɓa, ya riƙe a baki. Wata rana ɗan iyakana ya kusa ƙarewa na ɗan rage hannu, na ce ba wanda zai gane. Ya kurɓa ya ɗago kai.

"Inna, yau ɗan tsamin nan bai zaka ba. Lahiya dai?"

Na ce lafiya lau, kaka ce ta yi nisa. Ya ce to Allah ya kai mu. Irin wannan mai saye shi ke sa mace ta tashi da asuba ba ta jin nauyin jiki.

Lalacewar ba rana ɗaya ta zo ba. Da farko manyan motoci ne suka fara shigowa kasuwannin Tsafe da Bungudu, masu awon zoɓo su kai ƙasashen waje. Su baƙin suke so, mai faɗi mai nauyi a sikeli, ɗan iyaka kuwa in sun gan shi a buhu sai su rage kuɗi, wai ya ɓata musu kaya. Maza suka ga abin da mata ke shukawa a gefe ya zama kuɗi, sai suka shigar da shi tsakiyar gona, suka sayo irin baƙi. Matan ma ban ga laifinsu ba, wa zai zauna yana ɓarar ɗan mitsitsin abu yini guda alhali ga mai faɗi yana cika kwano da wuri? Kaka bayan kaka ɗan iyaka yana raguwa a layi, har ya zama in na tambaya sai yaran da ke tsaron buhu su kalle ni, ba su ma san sunan ba. Inna Kulu ce kaɗai ta ƙi. Ta ce, "Su ɗauki nasu su kai ma Turawa. Wanga na kakata na, ba ni sake shi."

Sai kuma shekarar da hanya ta ɓaci. Kun san ta, ba sai na faɗa muku ba, kun ga mutanen da suka cika kangaye a garin nan. Ƙauyuka suka daina kwana a gida saboda 'yan bindiga, gonaki na nesa suka gagara zuwa. Da kakar nan na je Tsafe na ishe gindin bishiya ba kowa. Na tambaya aka ce mutanen ƙauyensu sun watse, wasu sun yi Gusau, wasu Funtuwa, ba wanda ya san inda ta nufa. Na dawo da baƙi zalla. Abin da ya rage mini na ɗan iyaka na ƙulle a tsumma, ina sa shi da yatsa uku kamar gishiri. Na gwada tsamiya, ta ba da tsami amma ta kashe launi. Na gwada lemun tsami, zuwa azahar ya juya ya yi ɗaci. Ba abin da ya tsaya a wurinsa.

A nan tunanin iri ya zo mini. Na je Bungudu wurin ɗan Gwaggo, yana da gona kusa da gari inda ake iya zuwa, na roƙe shi layin iyaka ɗaya. Ya yi dariya ya ce in na kawo irin matarsa za ta shuka. Saura in sami Inna Kulu, don na san ko zane ba ta ɗauko ba ba za ta bar ƙwaryar gurguzunta ba. Na sa Malam Garba cigiya, shi da yake bin hanyar kullum. Aka daɗe, har bazara ta yi nisa hadari ya fara haɗuwa, sannan wata safiya ya tsuguna da kofinsa ya ce, "Inna, na samo maki tsohuwarki. Tana nan Tsahe, bayan makarantar boko, gidan da ba a gama ginawa ba."

Washegari na rufe randa na bi shi. Na same ta a ɗaki ba ƙyaure, an rataya buhu a ƙofa, jikoki sun kewaye ta. Ta rame, muryar nan ta tafi, amma da ta gan ni ta ce, "Ɗiyar Tumba, kin zaka?" kamar a gindin bishiya muke. Muka gaisa, na yi mata jaje, ta lissafa mini wanda ya rasu da wanda ba a san inda yake ba. Na ajiye ɗan abin da na kawo. Ban ɗauko zancen iri ba, don ba a shiga gidan wanda ke cikin wannan hali a fara da buƙata. Ta ce ba zan tafi ban ci abinci ba. Na ce na ƙoshi, ta ɓata rai, na wanke hannu. Tuwon dawa ne da miyar kuka, ba nama, ba mai, amma miyar ta yi daɗi har na ji kunyar yadda nake kai loma. Na ce Inna, wannan miya da me kika haɗa ta. Ta ce in ci dai.

Da na gama na gyara zama na faɗa mata abin da ya kawo ni. Na ce an ba ni iyaka a Bungudu, damina ta kusa, ko cikin tafin hannu ta ba ni na gurguzun nan ya isa, in ya yi kaka mu raba, ta sami abin riƙewa. Sannan ta nuna kwanon da na suɗe.

"Shi na kinka ci yanzu."

Ban gane ba. Ta ce ta fito da ƙwaryar, a ka ta ɗauko ta har Tsafe, ta ajiye tana jiran a koma. Damina ɗaya ta wuce ba a koma ba. Yara suna cin tuwo da ruwan kuka ba ɗanɗano, ba kuɗin daddawa, ba na magi. Kun san da gurguzu ake daddawar batso. Sai ta dafa shi da toka, ta rufe ya ruɓa, ta daka, ta cura. "Gona babu, ɗiya babu wadda za ni ba ƙulli. Na ce bari dai yara su ci." Ta ɗaga wani faifai ta nuna mini abin da ya saura, 'yan curi baƙaƙe. Makon da ya wuce ta yi shi.

Na ce ta kyauta, Allah ya raya yaran, kuma har zuciyata haka ne, ni ma da abin da zan yi ke nan. Amma baƙin cikin da na ji a ɗakin nan ban ji irinsa ba tun rasuwar Gwaggo. Da zan tafi ta naɗe mini curi ɗaya a ganye ta ce in sa a miya. Na karɓa da hannu biyu.

Ragowar ɗan iyakan da ke tsumma na juye shi duka a tukunya ɗaya, ban yi tsimi ba. Malam Garba ya sha ya ce yau ga zoɓo. Na ce masa ya sha da kyau, na ƙarshe ke nan. Yanzu ma yana zuwa, yana tsugunawa, yana biya, amma shanyewa yake yi kai tsaye, ba ya riƙewa a baki.

Curin nan ban sa shi a miya ba. Na zauna na marmashe shi a faifai ina neman ko ƙwaya ɗaya da taɓarya ta tsallake. Na sami 'yan kaɗan da ba su fashe ba, na binne su a tsohon bokitin nan da ke bakin ƙofata, wanda kuke tambaya me ya sa nake zuba wa ƙasa ruwa. Ba sai kun gaya mini dafaffen iri ba ya tsira ba, na fi ku sani. Wadda take son fara zoɓo a cikinku ta zo gobe da hantsi, zan nuna mata zura hannu a buhu da karyawa a kunne da kallon rana ta cikin ludayi. Abin da zan ɗora mata a gefen harshe in tambaye ta me ta ji, shi ne ba ni da shi.